Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce: Jamhuriyar Nijar a Wasannin Olamfik

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗalibi, mutumin ƙasar Malumfashi, ya yi a ranar lacca ta makon ɗalibai. Mun buga shi yadda ya gabatar da shi, domin amfanin waɗanda ba su sami halartar taron ba.

 

Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne matsayin ƙananan ƙasashe a manyan wasannin duniya, watau irin tarurrukan nan da ake haɗa wasanni iri-iri a gari ɗaya a lokaci ɗaya, kamar Wasannin Olamfik da Wasannin Afirka. Na zaɓi in ɗauki Jamhuriyar Nijar ta zama misalina, saboda ba baƙuwa ba ce a gare mu. Wanda ya tashi daga Funtuwa da safe, ya bi ta Bakori da Malumfashi, ya ratsa Kankiya da Katsina, ya fita ta Jibiya, to, a Maraɗi zai yi sallar la'asar in hanya ta yi kyau. Harshenmu ɗaya da mutanen can, tuwonmu ɗaya, damben da kokawar da muke yi da kaka su ma su suke yi. Saboda haka duk abin da suka iya yi a gaban duniya, ba mu da hujjar cewa ya fi ƙarfinmu. Bayan na kawo tarihinsu, zan dawo gida, in tambaye mu abin da muka yi da namu samarin.

Yadda ake shiga wasannin

An farfaɗo da Wasannin Olamfik na zamani a birnin Atina na ƙasar Girka a shekarar 1896, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe mai suna Pierre de Coubertin, kuma tun daga lokacin ake yin su duk bayan shekara huɗu, in ban da lokutan da yaƙin duniya ya hana. A wasannin da aka yi a birnin Paris a 2024, ƙasashe da yankuna fiye da 200 ne suka halarta, da 'yan wasa kimanin 10,500, aka fafata a wasanni iri 32. A ranar buɗe taro kowace ƙasa tana wucewa da tutarta, ana kiran sunanta duniya tana ji, ko mutum 500 ta kawo ko mutum ɗaya.

To, amma ba kowa ne yake ɗaukar jakarsa ya tafi ba. Akwai ƙa'ida. Mai gudu sai ya cika wani lokaci da aka yanka masa, ɗan dambe da ɗan kokawa sai sun yi nasara a gasar share fage ta nahiyarsu ko ta duniya. Da a ce wannan ce kaɗai ƙofar shiga, da ƙasashe da yawa ba za su taɓa leƙa wurin ba. Don haka Kwamitin Olamfik na Duniya ya buɗe wata ƙaramar ƙofa ta alfarma: ƙasar da ba ta sami wanda ya cika ƙa'ida ba a guje-guje ko a iyo, ana ba ta gurbi ta kawo gwaninta, sa'an nan a wasu wasannin ana aika wa ƙasashe masu ƙananan tawaga da takardar gayyata. Kwamitin yana kuma da asusu na musamman wanda yake ciyarwa daga kuɗin da gidajen talabijin suke biya, ana ba 'yan wasan ƙasashe matalauta tallafin horo da shi. Ina roƙonku ku riƙe waɗannan ƙofofi biyu a ranku, domin a kansu gardamar take.

Wata kalma kuma da ya kamata mu daidaita a kanta ita ce "ƙarama". Nijar ba ƙarama ba ce wajen faɗin ƙasa, domin tana da murabba'in kilomita 1,267,000, ta fi Nijeriya girma ke nan. Yawan jama'arta ma a yau ya haura miliyan 25. Ƙanƙantarta a fagen wasanni ta aljihu ce da ta tawaga: ƙasa ce wadda mafi yawanta hamada ne, ba ta da bakin teku, tana cikin ƙasashe mafiya talauci, kuma 'yan wasan da takan tura Olamfik yawanci ana iya ƙirga su da yatsun hannu.

Isaka Dabore da tagullar Munik

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta, 1960, a ƙarƙashin Shugaba Diori Hamani. Bayan shekara huɗu kacal, a 1964, sai ga tutarta a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, kuma tawagarta ta 'yan wasa mutum ɗaya ce tak, wani ɗan damben zamani mai suna Isaka Dabore, wanda aka haifa a 1940. Jama'a, ku dubi wannan hali: Amurka da Tarayyar Sobiyet sun zo da ɗaruruwan mutane, da likitoci da masu horo, shi kuwa ya zo shi kaɗai. Duk da haka bai zama ɗan rakiya ba. Ya doke abokan karawarsa har ya kai zagayen mutum takwas na ƙarshe, inda wani mutumin ƙasar Finlan ya tare shi, saura taki ɗaya ya kai ga lambar yabo. A wannan shekarar ce kuma Nijeriya ta sami lambarta ta farko, ita ma a dambe, ta hannun Nojim Maiyegun wanda ya ci tagulla.

Dabore bai yi zuciya ba. Ya koma Meksiko a 1968, bai samu ba. Ya sake komawa a 1972 a birnin Munik na Jamus ta Yamma, yana da shekara 32, shekarun da yawancin 'yan dambe sun riga sun ajiye safar hannu. A ajin masu nauyin kilo 63 da rabi ya kai zagayen kusa da ƙarshe, inda Angel Angelov na ƙasar Bulgeriya ya rinjaye shi. Bisa ƙa'idar damben Olamfik, duk mutum biyun da suka faɗi a wannan zagaye ana ba su tagulla, shi ke nan Nijar ta sami lambar yabonta ta farko. Ku tuna fa lokacin da abin ya faru: fari ya riga ya kama ƙasashen Sahel, dabbobi suna mutuwa, mutane suna kwararowa kudu har garuruwanmu, kuma jama'ar Nijar duka ba su kai miliyan 5 ba. A irin wannan yanayi ne aka ɗaga tutar ƙasar a tsakiyar Turai. Dabore ya rasu a watan Disamba na 2021, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi na farko mai ɗaci. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da 20, ciki har da Nijar da Nijeriya, suka ƙaurace wa wasannin Montiriyal na ƙasar Kanada, saboda an ƙi korar ƙasar New Zealand wadda 'yan wasanta suka je wasa a Afirka ta Kudu a shekarar da gwamnatin wariyar launin fata ta karkashe 'yan makaranta a Soweto. Ɗan Nijeriya ne ma, Abraham Ordia, yake shugabancin majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin. A 1980 kuma Nijar ba ta je Mosko ba, tana cikin ƙasashen da suka janye bayan sojojin Sobiyet sun shiga Afganistan. Ƙauracewar 1976 abin alfahari ce, domin ta nuna cewa kujerar ƙaramar ƙasa, ko da babu kowa a kanta, tana magana. Amma kuma tana da tsada. Daga 1972 Nijar ba ta sake taka fagen Olamfik ba sai 1984, shekara 12 ke nan, alhali ƙarfin ɗan dambe bai cika wuce shekara goma ba. Duk yaran da suka ga Dabore ya dawo da tagulla suka yi sha'awar bin sawunsa, lokacinsu ya zo ya wuce ba su sami fage ba. Babbar ƙasa tana iya jure irin wannan giɓi, domin tana da wasu gasanni da kuɗin riƙe 'yan wasanta. Ƙarama kuwa in zaren ya tsinke, ƙulla shi aiki ne.

Shekara 44 ana jira

Daga 1984 Nijar ta riƙa halartar kowane Olamfik, amma yawanci ta ƙofar alfarma. Sanannen misali shi ne na Hamadu Jibo Isaka, wanda ya shiga tseren kwalekwale na mita 2,000 a Landan a 2012, yana da shekara 35, wata uku kacal da fara koyon wasan. Ya zo na ƙarshe da tazarar fiye da minti ɗaya. 'Yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya ƙarasa, jaridun Ingila suka yi ta buga hotonsa, amma tsohon gwanin tseren nan na Ingila, Steve Redgrave, ya soki ba shi gurbi, yana ganin an hana waɗanda suka fi shi ƙwarewa. Ni a ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Jarumtar mutumin abin yabo ce, amma tafin tausayi ba shi ne abin da ƙasa take zuwa nema ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan shekara huɗu sai aka ga abin da shiri yake haifarwa. A birnin Riyo na ƙasar Barazil, a watan Agusta na 2016, wani dogon saurayi ɗan shekara 21 mai suna Abdurrazak Isufu Alfaga ya shiga wasan takwando a ajin masu nauyi, watau sama da kilo 80. Wannan wasa ne na Koriya, ana yin sa da shuri da naushi. Alfaga ta babbar ƙofa ya shiga, bayan ya daɗe yana karɓar horo a garin Friedrichshafen na ƙasar Jamus. Ya kayar da Bafaranshe, ya kayar da ɗan masu masaukin baƙi, ya kayar da zakaran duniya ɗan ƙasar Uzbekistan, sai a karon ƙarshe Radik Isayev na Azarbaijan ya rinjaye shi, ya tashi da azurfa. Shekara 44 ke nan bayan tagullar Dabore. A 2017 kuma, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ya zama zakaran duniya gaba ɗaya a ajinsa. Ya je Tokiyo a 2021 da Paris a 2024 bai sami lamba ba, amma hanyar da ya share ba ta rufe ba, domin a Tokiyo wata 'yar Nijar, Tekiath Ben Yessouf, ta kai har karon neman tagulla a takwando, sa'an nan a 2022 Aminatu Saini ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar guje-guje ta duniya a Amurka.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya tafi da shi gida. A wasannin Riyo 'yan wasa 6 Nijar ta kai, Nijeriya kuwa ta kai fiye da 70. Nijeriya ta dawo da tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa, Nijar ta dawo da azurfa ɗaya. Da yake azurfa tana gaban tagulla a lissafi, sunan Nijar ya zo sama da na Nijeriya a jadawalin lambobi na wannan shekara. A Landan a 2012, da kuma Paris a 2024, Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 hannu rabbana ta dawo, ko tagulla babu. Ashe sarkin yawa ba kullum yake fin sarkin ƙarfi ba, sai yawan ya sami mai tsara shi.

Gardamar da ake yi

Na san a cikin wannan zaure akwai masu cewa a zuci, me ya kai ƙasar da take fama da yunwa wurin wasa? Wannan tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba. A watan Disamba na 2005 birnin Yamai ya karɓi baƙuncin karo na biyar na Wasannin ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, a shekarar da fari da fara suka jefa yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa cikin matsananciyar ƙarancin abinci. Duk mai hankali zai tambaya ko kuɗin gine-gine da masaukin baƙi bai fi dacewa da rumbun tsimi ba. Ni ma ina ganin ɗaukar nauyin babban taro kaya ne da ya kamata matalauciyar ƙasa ta yi dogon tunani kafin ta ɗauka, domin sau da yawa bayan baƙi sun watse sai a bar manyan filaye ciyawa tana cinye su.

Amma karɓar baƙuncin taro daban, renon ɗan wasa daban. Abin da ake bukata a rena ɗan dambe ko ɗan takwando bai wuce ɗaki mai rufi, da tabarmar roba, da malami wanda ya san aikinsa, da abinci mai kyau, da kuɗin mota zuwa gasa ba. Wannan ko kusa bai kai kuɗin motocin rakiyar babban mutum ɗaya ba. Ribar kuwa ana ganinta: ƙasar da duniya ba ta jin sunanta sai in an yi yunwa ko juyin mulki, sai a ji sunanta a kan abin alheri. Mutumin Yamai da na Agadas da na Difa, masu harsuna dabam-dabam, sukan taru a gaban akwatin talabijin ɗaya suna goyon bayan yaro ɗaya. Uwa-uba kuma, a bayan kowane zakara ɗaya akwai dubban yara da suka sami abin yi da yamma, suka koyi ladabi da juriya da bin ƙa'ida, ko da ba za su taɓa ganin jirgin sama ba.

Ku dubi wasu ƙasashen da suka fi Nijar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tsibirin Sen Lusiya yana da mutum kimanin 180,000, amma a Paris a 2024 'yarsa Julien Alfred ce ta ci zinariya a tseren mita 100 na mata, cikin daƙiƙa 10.72, ta bar Amurkawa a baya. Dominika mai mutum kimanin 70,000 ta ci zinariya a tsallen taku uku ta hannun Thea LaFond. San Marino wadda ba ta kai mutum 35,000 ba ta kwashi lambobi uku a Tokiyo. A maƙwabtanmu, Burkina Faso ta sami lambarta ta farko a Tokiyo ta hannun Hugues Fabrice Zango. Gaskiya ne da yawa daga cikin waɗannan gwanaye a ƙasashen waje aka ƙarasa horar da su, kamar yadda Alfaga ya tafi Jamus, Julien Alfred kuma ta yi sakandare a Jamaika ta yi jami'a a Amurka. Sai dai kafin a tura yaro waje, dole wani ya fara ganinsa a gida, ya gane baiwarsa. Jamaika kanta asirinta bai wuce gasar makarantun sakandare da take yi kowace shekara tun 1910 ba. Abin da ya haɗa waɗannan ƙasashe shi ne, kowace ta dubi abin da 'ya'yanta suka iya, ta zaɓi wasa ɗaya ko biyu, ta dage a kansu shekara da shekaru, ba ta rarraba ɗan abin hannunta a kan wasanni 30 ba.

Mu dawo gida

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Malumfashi tana da mutum fiye da 180,000, daidai da ƙasar Sen Lusiya ke nan. Ta Funtuwa tana da fiye da 225,000. Jihar Katsina baki ɗaya tana da miliyan 5.8, ta ɗara yawan mutanen Nijar a ranar da Dabore ya karɓi tagullarsa. Ban ma ƙirga Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa ba. To, ina namu gwanayen?

Ba rashin ƙarfi ba ne. Saurayin da ya yini yana huɗar masara, ko yana loda buhunan dawa a mota ranar kasuwar Ɗandume, ba ya bukatar a koya masa juriya. Ba kuma rashin gado ba ne. Da an kai amfanin gona gida ake kafa fagen dambe da na kokawa, a ɗaure hannu da zare, makaɗa su kama kirari, gari ya taru. Yaranmu suna langa tun kafin su iya karatu. Amma ku duba jerin 'yan Nijeriya shida da suka ci lambar Olamfik a dambe: Nojim Maiyegun a 1964, Isaac Ikhouria a 1972, Peter Konyegwachie a 1984, David Izonritei da Richard Igbineghu a 1992, da Duncan Dokiwari a 1996. Babu ɗan ƙasar Hausa ko ɗaya, alhali mu ne masu damben gado. A ƙwallon ƙafa dai 'yan Arewa sun taka rawa, kamar Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin 'yan wasan da suka ci zinariya a Atalanta a 1996, da Sadiƙ Umar da Aminu Umar waɗanda suka ci ƙwallayen da suka kawo tagullar 2016. Amma a wasannin da mutum yake tsayawa shi kaɗai, an bar mu a baya.

Dalili kuwa shi ne babu gada tsakanin fagen gargajiya da fagen zamani. Ɗan damben gargajiya hannu ɗaya yake ɗaurewa, ɗayan kariya ne, kuma da hannu ko gwiwar abokin karawa ta taɓa ƙasa an yi kisa. A damben Olamfik hannu biyu ake sa wa safa, ana auna nauyin kowa a haɗa shi da sa'ansa, ana turmi uku na minti uku-uku, alƙalai biyar suna ba da maki. Wanda ya kai shekara 25 yana damben hannu ɗaya da wuya ya sake hali. Yaro ɗan shekara 12 kuwa mai zuciyar dambe ana iya koya masa duka biyun, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An kuma taɓa gina irin wannan gada a ƙasar nan. Mutanen jihar Bayelsa suna da kokawarsu ta gargajiya kamar tamu. Daga cikinta Daniel Igali ya fito, ya ci wa ƙasar Kanada zinariya a Sidni a 2000, ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya, kuma daga wannan jihar Blessing Oborududu ta fito ta ci azurfa a Tokiyo. Su ma mutanen Nijar ba su bar kokawarsu a hannun kaka kaɗai ba. Tun 1975 suka mai da ita gasar ƙasa, aka fara a Tawa inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, jihohi suna karɓar baƙuncinta bi da bi, har ta zama wasan da ya fi kowane tara jama'a a ƙasar.

Mu 'ya'yan manoma ne, mun san yadda ake samun iri mai kyau. Audugar da ta sa aka kafa injin gurza a Funtuwa ba daga sama ta faɗo ba. A Samaru ake gwada iri a zaɓi nagari, a gonar Daudawa aka riƙa yaɗa shi, sa'an nan ya isa hannun manomi. Da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975, malaman gona ne suka riƙa bin ƙauyuka a kan babura suna nuna wa iyayenmu yadda ake sa takin zamani. Ba wanda ya ce manomi ya zo Kaduna ya koya. Haka wasa yake, sai an bi yaro har makarantarsu da ƙauyensu. Yankinmu kuma ya fi kowane bukatar wannan, domin mun ga abin da ya faru a shekarun nan a dazuzzukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume, mun ga daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ba na cewa wasa zai maye gurbin tsaro ko aikin yi. Abin da nake cewa shi ne, ƙarfin saurayi kamar ruwan kwari yake, in ba a yi masa hanya ba shi zai yi wa kansa, kuma ba lalle ta inda muke so ba.

Abin da ya rage gare mu

Ina da shawarwari huɗu, kuma na zaɓe su ne don babu wadda take jiran Abuja.

Ta farko, jiharmu ta yi koyi da ƙananan ƙasashe, ta zaɓi abin da ta iya. A ganina dambe da kokawa da takwando da gudun dogon zango sun isa, domin kayansu ba su da tsada, kuma sun dace da jikin yaranmu da al'adarmu.

Ta biyu, a raya gasar makarantu, daga ta gida-gida a cikin makaranta, zuwa ta ƙaramar hukuma, zuwa ta shiyyar Funtuwa, a lokaci sananne kowace shekara, a kuma rubuta sakamako a ajiye. Yaron da ya yi gudu ba a auna lokacinsa ba, ba wanda zai san matsayinsa a duniya. Agogon auna gudu da littafin rajista ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Yayyenmu ma'aikata da ke ofisoshin ilmi da na filaye, amanar filayen wasan makarantu tana wuyanku. Duk filin da aka yanka aka yi shaguna ko fuloti, ba zai dawo ba har abada.

Ta uku, a shiga fagen gargajiya da girmamawa. Sarakunan dambe da tsofaffin 'yan kokawa sun fi kowane malami sanin yaron da yake da zuciya. A zauna da su, a nemi su nuna yaran, a haɗa wa yaran karatu da horo, domin wanda bai zama zakara ba ya fita da takardar shaida a hannunsa.

Ta huɗu ta shafi 'yan'uwanmu mata. Iyaye da yawa suna ƙin wasa saboda sutura da cuɗanya, kuma damuwarsu abin dubawa ce. Amma a Riyo a 2016, Hedaya Malak ta ƙasar Masar ta ci tagulla a takwando da lulluɓinta, haka Ibtihaj Muhammad ta Amurka a wasan takobi, sa'an nan Feryal Abdelaziz ta ci wa Masar zinariya a karate a Tokiyo. Makarantun 'yan mata na yankinmu suna da katanga da fili, abin da ya rage shi ne malamai mata masu horo, kuma daga cikinku za su fito.

Mu kuma ɗalibai, kowane dogon hutu muna komawa gida mu yi wata biyu ko uku. Wanda ya iya wani wasa a nan jami'a, ya tara yaran unguwarsu da yamma ya koya musu. Wanda bai iya ba, ya riƙe agogo da littafi. Gobe mu ne za mu zama malaman makaranta da sakatarorin ƙananan hukumomi da masu tsara kasafin kuɗi, kuma ranar da takardar kuɗin wasanni ta zo teburinmu, sai mu tuna cewa ba kuɗin biki ba ne. Tsakanin Dabore da Alfaga mutanen Nijar sun jira shekara 44. Yaron da zai wakilci Nijeriya nan da shekara 12, yau yana aji huɗu ko biyar a wata firamare, wataƙila a Dayi ko Tsiga ko Maska, yana jiran wanda zai gan shi.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.